Toka da Gishiri a Cikin Baƙin Tuwo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da hannu ya aikata ko da mai hannun ya manta.

Ni ɗan mahauta ne, haihuwar Garwa. Kakanmu ya zo daga wajen Kano da fataucin fata, ya sauka kusa da mayanka, bai koma ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai cika riƙe wuƙa ba, shi fata da ƙirgi ya sani. Tun ina ƙarami nake ganin yadda yake shimfiɗa ɗanyen ƙirgi, ya watsa masa gishiri, ya bi da tankaɗaɗɗiyar toka, sannan ya ɗora wani a kai, don kada su manne su ruɓe kafin motar kudu ta zo. Hannuna ya iya wannan watsawar tun kafin ya iya riƙe alƙalami. Karatuna na allo ne da na zaure, sai ɗan Faransanci irin na kasuwa. Wannan labarin ma da ajami na fara ajiye shi, a bayan wani tsohon littafin addu'o'i, don kada zuciya ta gyara mini shi daga baya.

Bayan rasuwar mahaifina cinikin fata ya ja baya. Wani Alhaji da ya san gidanmu ya ɗauke ni tsaron magazen, wato ɗakin ajiyar kaya, a ƙaramar masana'antarsa, a bayan gari ta hanyar Pitowa. Kabayid ake yi a can, wannan dutsen mai wari da masu walda suke jefawa cikin ruwa su sami iskar hura wutarsu.

Tanderun da ake dafa shi ba ya cin itace. Babbar tukunya ce ta ƙarfe da bulo, a cika ta da gawayi da ƙonannen farin dutse, sai sanduna uku masu kauri kamar turmi su sauko daga sama, su nutse cikin kayan har ba a ganin bakinsu. Ta cikinsu lantarki ke bi, wutar kuwa tana can ƙasa a binne, sai dai ka ji gurnaninta a tafin ƙafarka. Sandunan ba sayensu ake yi a ƙere ba. Kowace rigar ƙarfe ce doguwa, ana jefa mata wani baƙin ƙullu ta sama, na garin kwal da kwalta. Zafi ya narkar da shi, ya gangara, ya gasu, kafin ya kai ƙasa ya zama sanda mai tauri. Wuta tana cin bakin sandar kaɗan kaɗan, ana sassauta ta tana sauka, ana ƙara ƙullu ta sama. Shef, wato injiniyanmu, mutumin kudu, da sunan Faransanci yake kiran ƙullun. Mu kuwa baƙin tuwo muke ce masa. Daga ƙetare yake zuwa curi curi kamar tubali, jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngawundere, mota ta ƙaraso da shi. Ni ne mai ajiyarsa.

Mai sassauta sandunan wani dattijo ne Bafillace, mutumin Banyo, kowa Baffa yake ce masa. Tun ranar da aka fara kunna tanderun yana wurin. Bai yi boko ba, amma idan ya tsaya ya karkata kai yana sauraron gurnanin, zai gaya maka wace sanda ce ta gajarta kafin allurar na'urar awo da ke ɗakin Shef ta motsa. Ma'auninsa yatsu uku ne. Daga hantsi zuwa la'asar, yatsu uku yake saki ga kowace sanda, shi yake kuma faɗa wa masu canjinsa abin da za su saki.

Kullum da safe ta ƙofar magazen yake bi, ya gaishe ni da Fillanci.

"Ɗan mahauci, jam na? Yau saniyar wa kuka kayar?"

"Jam, Baffa. Wadda ka bari ta ɓata maka a daji."

"Tawa ba ta ɓata. Ku dai ba ku taɓa ganin saniya tana tafiya ba ku ji tausayinta."

"Amma ran salla kai ne na farko a layin tsire."

Sai ya yi dariya ya wuce, yana gyara hularsa ta ƙarfe a kan ta zanna.

Shekarar da abin ya faru, an canza wurin sayen baƙin tuwo. Sabon ya fi laushi, ya kuma iso mana a farkon bazara. Wanda ya san Garwa a wannan lokaci ya san ko inuwa ba ta da tausayi, balle magazen mai rufin kwano. Cikin kwana kaɗan curin suka fara gumi, suka manne da juna, jerin da na yi ya koma dutse guda. Leburori sai da gatari suke sara, suna zagin kwalta da wanda ya ƙirƙiro ta. Ɗayansu ya sare yatsan ƙafarsa. Abin ya dame ni, don kaya a hannuna suke.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na ga abu baƙi mai danƙo yana manne wa ɗan'uwansa, hannuna ya tuna aikin gidanmu. Na je wajen yayana mai tukuba na kwaso toka buhu biyu, na tankaɗe. A gida akwai ragowar gishirin fata na mahaifina, mai tsakuwa, na daka na haɗa. Duk curin da aka raba, sai in watsa masa sama da ƙasa kafin in jera. Abin ya yi kyau ƙwarai. Curi ya daina mannewa, leburori suka ajiye gatari, har suna sa mini albarka. Kafin a kai shi saman tanderu, baƙar ƙurar wurin ta rufe farin tokar, ba mai lura. Ban gaya wa Shef ba. Ba ɓoyewa na yi ba, Allah ya sani. A ganina ƙaramin abu ne, kamar share ƙofa, ba a zuwa ofis a ce an yi shara.

Ƙullun da aka jefa yau ba yau yake kai wa wuta ba, sai ya yi makonni yana sauka. Saboda haka lokacin da ɓarnar ta fito, ni na riga na manta da wata alaƙa tsakaninta da tokata.

Baffa ne ya fara ji. Wata la'asar ya zauna a bakin magazen yana alwala, bai yi mini ba'a ba. Ya ce, "Malam, yau yatsu huɗu na saki, kuma sandar ba ta ƙoshi ba." Bayan mako guda sai da tafin hannu cikakke. Wurin da sandar take fitowa daga maƙalarta kafin ta nutse cikin kaya, inda iska take taɓa ta, ya fara ramewa kamar tsakiyar taɓarya, ya yi ramuka ramuka, yana zubar da gari. Baƙin tuwon da aka ce zai kai mu bayan damina, na duba na ga ko tsakiyarta ba zai kai ba. In ya ƙare kafin wani ya iso, tanderu zai mutu da kaya a cikinsa, tayar da shi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Shef mutum ne mai bin abu daki daki, ba zan zalunce shi ba. Ya tara mu a inuwar darbejiya ya ce abubuwan da ke sa tanderu cin sandarsa sanannu ne, za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in gawayi ya jiƙe, tururinsa yana cin sanda. Aka shanya gawayi, aka rufe shi da tampol, ba a ga canji ba. Ya ce in gawayi ya yi kaɗan a cikin haɗin, tanderu yana jin yunwa ne, sai ya juya ya ci sandar tunda ita ma gawayi ce. Aka ƙara gawayi har kabayid ya fara fita da dauɗa, ramar ba ta tsaya ba. Ya ce in kaya sun yi ƙasa, wuyan sanda ya fito fili, iska ta lashe shi. Aka riƙa tula kaya har wuya. Ya rage ƙarfin wuta na kwana uku, ko an fi ƙarfin sandar ne. Ya hana kashewa da kunnawa barkatai, don sanyi bayan zafi yana tsaga ta. Ya zo magazen ma, ya ɗauki curi guda daga sabuwar motar da ban taɓa ba tukuna, ya fasa, ya shinshina, ya ce ƙullu lafiya lau.

Da aka gama duk wannan, abu ɗaya ya rage a takardarsa, hannun mai sassautawa. Ya ce in mutum yana saki fiye da kima, sandar tana isa wuta ba ta gama gasuwa ba, dole ta zube. Maganar ta fita daga ofis ta shiga bakin ma'aikata. Wasu suka ce idon Baffa ya tafi, wasu suka ce kunnen ne. Alhaji ya zo da kansa ranar Litinin, ya kira Baffa gefe cikin mutunci, ya ce in Juma'a ta yi ba a gane komai ba, sai ya huta, za a kawo wani daga kudu.

Ranar nan Baffa ya zauna a bakin magazen ya daɗe. Ya ce, "Ba hutun nake tsoro ba, Malam. Ina da 'yan shanu a Banyo, ba zan kwana da yunwa ba. Amma a ce tsohon nan da ɓarna ya ƙare? Ni da na san muryar tanderun nan fiye da ta matata? Ba ni nake sakinta da yawa ba. Ita take ci, ni ina bin ta ne kawai."

Na ce, "Allah zai bayyana gaskiya, Baffa." Da zuciya ɗaya na faɗa. Ban san a kaina nake roƙo ba.

Ranar Talata da hantsi sanda ta biyu ta karye daga inda ta rame. Aka kashe wuta, aka sha wahala da sarƙa kafin a jawo guntun waje. Da azahar ya huce, kowa ya watse neman abinci, Baffa ya ɗauki guduma ya nufi guntun. Ni ina tsaye daga nesa. Ya buga ta saman guntun, inda bai kai ga wuta sosai ba. Maimakon ya fashe kamar dutse, sai ya ɓare fale fale, kuma tsakanin kowane ɓari akwai siririn layi mai fari fari. Ya tsuguna yana kallo. Sannan ya yi abin da makiyayi yake yi in ya isa rijiyar da bai sani ba, kafin ya bar shanunsa su sha. Ya dangwala yatsa ya kai harshe.

Ya tofar. Ya sake dangwalawa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan mahauci, zo."

Na je.

"Taɓa ka ji."

Na taɓa. Ɗanɗanon da na tashi a cikinsa ne, gishirin fata da toka.

Ya ce, "A duk masana'antar nan mutum nawa ne suka san a watsa wa abu gishiri don kada ya manne?"

Ya miƙe, ya tura ɓarin da ƙafa cikin tarin shara, ya karkaɗe hannu.

"Ba ni zan faɗa ba. Kana da 'ya'ya ƙanana, nawa sun girma. Kuma ban san ko shi ne ya jawo ba, ni ba injiniya ba ne."

Ya tafi alwala.

Ina so in rubuta cewa a take na nufi ofis. Ban nufa ba. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Na daina watsa tokar, na tura ragowar buhun bayan ganguna. Zuciyata ta riƙa kawo mini hanyoyi. Ta ce Baffa da bakinsa ya ce bai tabbata ba. Ta ce motocin da ke zuwa daga Ngawundere sukan ɗauki kanwa da gishirin shanu, in ma an gano sai a ce a mota ya shafa, direban kuwa ba wanda zai same shi. Ta ce tunda na daina, tanderu zai warke da kansa, sabon mutum ya ci yabo, shi ke nan. Wannan ta ƙarshe ita ta fi tsorata ni, domin na gane in haka ta faru, warkewar ce za ta zama shaida a kan Baffa har abada. Kowa zai ce ai ga shi, da aka cire tsohon sai komai ya daidaita.

Shi kuwa kwana biyun nan yana bi ta ƙofata yana gaisuwa kamar kullum. Har ba'ar saniya ya yi mini ranar Alhamis. Da ya ɗaure fuska da ya fi mini sauƙi. Na tsaya sallar la'asar a bayansa, ina kallon duga-dugansa da zafin benen tanderu ya tsattsaga, na kasa sanin raka'a nawa muka yi.

Ranar Juma'a da safe, kafin Alhaji ya iso, na zuba tokar a kwanon sha, na ɗauko ɓarin nan daga shara, na shiga ofis. Shef yana shan kofi. Na ajiye su a kan teburinsa, na gaya masa komai da Faransancina na kasuwa, inda ya ƙare na cika da Fillanci.

Ya murza tokar tsakanin yatsunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun motar farko ta bazara, Shef."

"Kowane curi?"

"Sama da ƙasa."

Ya cire tabarau ya dafe goshi. Na zaci ihu zai yi, bai yi ba. Ya ce in lura da gawayin da ke kwance cikin toka a murhu, yadda yake saurin cinyewa. Ya ce toka da gishiri suna buɗe wa iska hanya ta ci gawayi tun zafi bai kai ba, shi ya sa wuyan sandar ya rame. Ya ce kuma curin ana so ne su narke su zama jiki ɗaya, ni kuwa na sa musu abin da zai hana su haɗuwa, a magazen da cikin sanda baki ɗaya.

"Abin da ka roƙa shi ka samu," in ji shi. "Ka ce kada su manne, ba su manne ba. Me ya hana ka tambaye ni?"

Na ce, "Ban san tambaya ce ba."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. A hankali ya ce shi ma sau ɗaya ya shiga magazen a bazarar nan, kuma bai tambayi dalilin da ya sa gatari ya yi shiru ba.

Da Alhaji ya zo aka kira Baffa. Shef ya miƙe tsaye ya ba shi haƙuri a gaban mai gida, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Baffa ya ce "Usoko," wato na gode, yana kallon ƙasa. Alhaji ya juyo gare ni, ya ce saboda mahaifina ba zai kai maganar ko'ina ba, amma mabuɗin magazen in ajiye. Na ajiye. Ban ji an zalunce ni ba. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in kankare curin da na ɓata kafin in tafi. Ruwa ba ya kusantar inda kabayid yake, saboda haka da burushin waya na yi, ɗaya bayan ɗaya, sama da kwana goma.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Ƙullun da ke cikin rigunan tuni yana da gishirinsa, dole sai ya sauka ya ƙone. Makonni tanderu ya ci gaba da ci kamar da, Alhaji ya fara shakka, wasu suka koma cewa ɗan mahauci ya ɗauki laifi ne don ya rufa wa tsoho asiri. Shef ya sa alama da fenti a jikin rigar ƙarfe, daidai inda ƙullu mai tsabta ya fara, ya ce a jira alamar ta sauko. Na gama kankara na koma gida, na koma kan fata tare da yayana. Kullum bayan asuba ina roƙon Allah kada ya sa akwai wani dalili bayan nawa.

Ruwan farko ya sauka, kogin Binuwai ya fara ɗagowa. Wata ranar kasuwa ina tsugune a bayan mayanka ina watsa wa ƙirgi gishiri, sai na ji babur ya tsaya. Baffa ne a baya, da hularsa ta ƙarfe a hannu. Bai sauka ba. Ya ɗaga hannu sama, yatsu uku.

Na ce, "Dukansu, Baffa?"

"Duka ukun. Tun shekaranjiya. Na bari ne in tabbata." Ya leƙa abin da nake yi. "To, wannan kam watsa masa da kyau. Nan ne gidansa."

Na so in nemi gafararsa kan kwana biyun da na yi shiru, don su suka fi tsaya mini a rai fiye da tokar. Na fara, ya katse ni. Ya ce ya ƙirga kwanakin nan shi ma, kuma ya shirya kayansa tun daren Laraba, amma Juma'a ya ga na shiga ofis da kwano, shi ke nan abin da ya riƙe. Ya taɓa kafaɗar mai babur suka tafi.

Ya ƙara shekara biyu a bakin tanderun, ya sauka da kansa, aka yi masa walima, ya koma Banyo wurin shanunsa. Can ya rasu. Labari ya zo mini ta waya bayan an riga an kai shi. Wanda ya gaje shi, an ce mini, har yau da yatsu uku yake aunawa, kuma in sabon ma'aikaci ya tambayi dalili, sai a ce ma'aunin Baffa ne.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi muna zaton gyara ne.